Yadda ake ɗana tambayar tarko da za ta sa mutum ya koma ya sake karantawa

Ɗan yayata ne ya jawo duk wannan. Saurayi ne mai hankali wallahi, a nan Makka ya gama sakandare, Larabci a bakinsa kamar ruwa, ya yanki tikitin mota zuwa Madina ta waya aka turo masa saƙo, ya duba ya ga 7 ya mayar da wayar aljihu. Ranar tafiya sai da ya yi la'asar ya yi wanka ya sa farar jallabiyarsa, uwarsa ta ɗaure masa tsarabar da zai kai wa 'yan'uwa, ya isa tasha wajen 6 da rabi na yamma yana ganin ma ya zo da wuri, ashe mota tun 7 na safe ta ɗaga. A gefen lambar akwai harafi ɗaya tal, ص, wato sabahan, safe kenan, shi kuma tun kafin ya buɗe saƙon ransa ya riga ya yanke masa cewa م ne, masa'an, wato yamma, don da yamma ya saba tafiya. Kuɗin tikiti ya tafi, alƙawarin da ya yi da mutane a can ya tashi. Da ya dawo gida ya miƙo min wayar yace Kawu duba min don Allah, na duba, harafin na nan zaune ba wanda ya ɓoye shi, idonsa ne ya bi ta kai ya wuce.

Abin ya tsaya min a rai sosai, saboda mu nan rayuwarmu gaba ɗaya a kan saƙo take tafiya, ranar ƙarewar iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, lokacin ganin likita, izinin shiga Rauda, duk a waya suke zuwa, kuma harafi ɗaya ko lamba ɗaya ke raba ka da asara. Alhazanmu da ke zuwa daga gida su kuma lambobin Larabci ke rikita su: ٥ biyar ce amma sai a ɗauka sifili ce, sifilin gaske ɗigo ne kawai ٠, ita kuma ٦ shida ce amma da 7 take kama, ٧ da ٨ kuwa juyin juna ne. Na taɓa raka wani dattijo da ya gaji da ƙwanƙwasa ƙofa a hawa na 7 alhali a na 6 aka sauke shi.

To tun daga nan na fara tara yaran gidanmu duk ranar Alhamis bayan isha'i, tunda washegari ba makaranta, a falon Goggo can wajen titin Mansur, a dafa shayi, wani lokacin a sayo tsire, mu yi kacici-kacici da tambayoyin tarko, wanda Larabawan nan ke ce wa lugz ko fazzura. Wasu tambayoyin kuma a guruf ɗin gida na WhatsApp nake tura su don na Jidda da na Kano su shigo. Ga yadda nake haɗa su daki-daki, wanda yake so ya gwada a gidansa.

Abu na farko, ka rarrabe tsakanin kacici-kacicin gargajiya da tambayar tarko, don ba aiki ɗaya suke yi ba. Na gargajiya siffantawa yake yi ya lulluɓe abu: baba na ɗaka gemu na waje, hayaƙi, shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, tsintsiya, rawanin baba ya faskari naɗi, hanya, tsumagiyar kan hanya fyaɗe yaro fyaɗe babba, yunwa. Wannan yana koya wa yaro Hausa da kallon duniya, ni da shi nake buɗe zama kullum, Goggo ta ce ƙulin ƙulifita yara su amsa gauta, jiki ya saki. Ita tambayar tarko ba ta lulluɓe komai. Amsar tana cikin tambayar a fili, ko kuma kalmar da za ta kai ka ga amsar tana nan, gaggawarka ce kawai za ta sa ka tsallake ta. In ka riƙe wannan sauran duk mai sauƙi ne.

Na biyu, kar ka fara da tambaya, fara da neman turbar da ƙwaƙwalwa ta saba bi ido rufe. Kwanakin mako, ƙirga 1 zuwa 10, jerin watanni, jerin salloli biyar, sunayen rana, duk abin da in ka faɗi uku daga ciki baki zai ƙarasa na huɗun ba tare da tunani ba. Wannan turbar ita ce za ka ɗana tarkon a kanta. Misali mu Hausawa muna da sunan rana, to sai na haɗa wannan:

Mahaifiyar Hadiza tana da 'ya'ya mata 5. Ta farko Ladi, ta biyu Tani, ta uku Talatu, ta huɗu Larai. Ya sunan ta biyar?

Kusan kowa Lami yake cewa, don Lahadi, Litinin, Talata, Laraba, sai Alhamis, baki ya riga ya tafi. Amma tun kalma ta biyu an gaya maka sunan, Hadiza. Ka lura ban yi ƙarya ba, ban rage komai ba, turba kawai na shimfiɗa.

Na uku kuma shi ne wajen da nake so a fi tsayawa, wato inda za ka ajiye kalmar mabuɗi. Ka sa ta da wuri, a wurin da mai karatu yake ganin ba a fara maganar gaske ba tukuna. Mutum in ya buɗe saƙo, layin farko gaisuwa yake ɗaukarsa, idonsa na can ƙasa yana neman alamar tambaya. To a layin farkon nan za ka binne mabuɗin, sannan ka cika tsakiya da lissafi mai ɗan nauyi wanda zai ɗauke hankali. Ga wadda ta kama har da yayanmu da ke aikin lissafi a shago shekara da shekaru:

Kai ne direban bas daga Jidda zuwa Makka. Ka taso da fasinja 30, a Bahra 8 suka sauka 5 suka hau, gaba kaɗan 4 suka sauka 11 suka hau. Shekarun direban nawa?

Yaya ya ɗauko biro ya yi ta tarawa yana cirewa, ya samu 34, yace shekara 34. Wata yarinya 'yar aji huɗu ce tace 10, aka yi mata dariya, tace ai an ce ni ce direban. Kalmar "kai ne" ita ce duka tambayar, sauran duk ciko ne. Kuma cikon nan akwai ƙa'idarsa, kar ya yi yawa har mutum ya gaji ya bar karantawa, kar kuma ya yi wuyar da zai sa ya tsargu ya koma farko. Lissafi mai sauƙi wanda mutum zai ji daɗin cewa ya iya, shi ya fi kamu. Tasha biyu ko uku sun isa.

Wani wurin ajiye mabuɗi shi ne ƙananan kalmomin da ba a ɗauke su a bakin komai ba: ban da, sai, duk, kowane, kafin, saura. Makiyayi yana da tumaki 17, duk suka mutu ban da 9, nawa suka rage? Ido na ganin 17 da 9 hannu zai cire ya ce 8, alhali "ban da" ta riga ta faɗa maka 9 ne suka rage. Ko kace kana tsere ka wuce wanda yake na biyu, kai na nawa ne yanzu? Zuciya na son ta ce na ɗaya, amma gurbin na biyu ka karɓa, na ɗaya na can gaba abinsa. Irin waɗannan ƙananan kalmomi su ne dai ke cikin takardar haya da takardar aiki da saƙon asibiti, shi ya sa nake yawaita su.

Na huɗu, ka kawo tambayar gida, ka yi ta da abin da mutanenka ke taɓawa kullum. Akwai wasu tambayoyi uku da wani masani a Amurka mai suna Shane Frederick ya fitar a 2005 don auna ko mutum na iya taka wa amsar farko da ta faɗo masa birki, ɗaya a kan sanda da ƙwallo take. In ka kawo ta haka yaranmu ba za su ji ta a jiki ba, sai na mayar da ita baƙala, wato shagon unguwa:

Kwalin dabino da gorar ruwa riyal 11 ne gaba ɗaya. Dabinon ya fi ruwan tsada da riyal 10. Nawa ne ruwan?

Riyal 1, haka kowa ke cewa nan take. To in ruwa riyal 1 ne dabino 10 ne, tsakaninsu 9 kenan ba 10 ba. Amsar rabin riyal ce, halala 50, dabino kuma 10 da rabi. A nan kar ka tsaya a faɗin amsa, ka ɗauko kuɗi na gaske ka zube a kan tabarma, ka ware 10 gefe kace wannan shi ne fifikon dabino, sauran riyal ɗayan a raba shi biyu. Yaro in ya gani da idonsa ba ya mantawa. 'Yar'uwarta kuma da tamis, gurasar da ake gasawa a tanderu, na yi ta: tanderu 5 na gasa tamis 5 cikin minti 5, tanderu 100 minti nawa za su ɗauka su gasa tamis 100? Ba 100 ba, minti 5 ne dai, kowane tanderu nasa ɗaya yake gasawa.

Mu da Allah ya zaunar a Makka muna da wata mai daɗi wadda ba sai an aro ba. Sa'ayi zagaye 7 ne, ana farawa daga Safa. Mutum sau nawa zai dawo Safa kafin ya gama? Za ka ji 7, za ka ji 4, har waɗanda suka yi umara ba adadi. A ƙirga da yatsa: tafiya ta 1 Marwa, ta 2 Safa, ta 3 Marwa, ta 4 Safa, ta 5 Marwa, ta 6 Safa, ta 7 Marwa a tsaya. Dawowa Safa sau 3, isa Marwa sau 4. Wannan amfaninta biyu, don akwai baƙin da ke ɗauka zuwa da dawowa shi ne ɗaya, su yi 14 su galabaita a banza, yaron da ya san wannan ƙirgar in ya raka baƙo zai gyara masa.

Na biyar, ka san wace tambaya ce ta ido wace ce ta kunne. Wannan sai mai Hausa zai gane shi da kyau. Rubutun bokonmu ba ya nuna hawa da saukar murya, ba ya nuna jan wasali, shi ya sa kalmomi da yawa a rubuce iri ɗaya suke amma a baki daban. Gari na zama da gari na tuwo. Wuya na jiki da wuya ta wahala. Fari na launi da fari na rashin ruwan sama. Bara ta almajiri da bara shekarar da ta wuce. In ka rubuta "wane gari ne ake aunawa a mudu" a guruf, mutum zai fara laluben Kano da Zariya da Dawanau kafin ya farga. Amma in ka faɗe ta da baki ta mutu, don dole ka ja wasalin ko ka gajarta shi, ko dai ka tona amsar ko ka yi ƙarya. Saboda haka irin wannan rubutawa ake yi, a takarda ko a waya, kuma a hana kowa karantawa da ƙarfi sai an gama amsawa. Haka "wace bara ce ba a ba ta sadaka", a rubuce take aiki.

Amma fa akwai iyaka, kuma a nan ina da tsauri. Cire ƙugiyar harafi da gangan don ka ruɗa mutum ha'inci ne. Baki da baƙi ba kalma ɗaya ba ce ko a rubuce, haka kasa da ƙasa, jibi da jiɓi. In ka rubuta "baki" kana nufin "baƙi" sannan ka ce mutum bai karanta da kyau ba, kai ne ba ka rubuta da kyau ba. Duk mai son yin wannan wasa a waya ya sa kibod ɗin Hausa, akwai shi a Gboard, ƙ da ɗ da ɓ duk suna nan. Yaranmu na nan da Larabci suka fara karatu, sun san ɗigo ne ke raba ب da ت da ن, to sai na ce musu ƙugiyar nan ita ce ɗigonmu, nan da nan suka karɓa.

Ta kunne kuma gudu take so. Ka faɗe ta da sauri cikin hira kamar ba komai: dabbobi nawa-nawa Annabi Musa ya shigar cikin jirgi? A ce maka biyu-biyu. Jirgi na Annabi Nuhu ne, kowa ya sani, amma kunne ya ji sunan Annabi ya ji jirgi ya ji dabbobi sai ya haɗa ya wuce. Wasu masu bincike biyu, Erickson da Mattson, sun yi rubutu a kan wannan tambayar tun 1981, sun nuna mutanen da suka san amsar sarai ma suna faɗawa, in dai sunan da aka musanya yana da kusanci da na gaskiyar. Shi ya sa in ka sa sunan da ba shi da alaƙa da labarin ko kaɗan ba wanda zai faɗa.

Tunda mun shigo addini bari na faɗi ra'ayina. Tambayar addini a wannan wasa tana da asali mai kyau. Manzon Allah (SAW) ya tambayi sahabbai wace itaciya ce ganyenta ba ya zuba kuma ita ce misalin Musulmi, mutane suka bazama lissafa itatuwan daji, alhali dabino ce da ke gabansu kullum, kuma Imamu Bukhari a littafin ilimi ya kawo hadisin, a babin shugaba ya jefa wa mutanensa tambaya don ya gwada saninsu. Malaman fiƙihu ma sun yi rubutu a wannan fanni, Ibn Farhun, Bamalike alƙalin Madina da ya rasu a 799 Hijira, littafi guda ya yi a kan kacici-kacicin fiƙihu. Don haka ina sa su, amma waɗanda amsarsu ba ta da saɓani kawai. Wace salla ce ba ruku'u ba sujada? Jana'iza, wadda yaranmu ke gani a Harami kusan bayan kowace salla. Surorin Alƙur'ani 114 ne, Tauba ba ta da Bismilla a farkonta, to Bismillahir Rahmanir Rahim nawa ce a cikin Mus'hafi? Mai sauri zai cire ɗaya yace 113, amma akwai wata a cikin Suratun Namli aya ta 30, a wasiƙar Annabi Sulaimanu, sai ta koma 114. Mas'alar da mazhabobi suka saɓa kuwa ba na kawo ta falon Goggo, kuma ba na yarda a yi wa wanda ya kuskure tambayar addini dariya, babba ne ko yaro. A gyara masa a wuce.

Na shida, kafin ka saki tambaya ka zama abokin gabarta. Ka zauna ka nemi amsa ta biyu da za ta iya zama daidai. In ka samu, tambayar ba ta nuna ba. Ni na koyi wannan ne ranar da na tura: watanni nawa ne ke da kwana 29 a shekarar Musulunci? Abin da nake nufi duka 12, tunda watan Hijira ko 29 ne ko 30, kowanne ya taka 29. Sai Baffa ya turo saƙon murya daga Jidda yace a'a, in Bahaushe yace wata yana da kwana 29 to nufinsa a 29 ya ƙare, kuma wannan ba shi da adadi tsayayye, ganin wata ke yanke shi, ko kalandar Ummul Ƙura ta hukumar Saudiyya ka duba za ka ga watan da ya yi 30 bana wata shekarar 29 ya yi. Aka yi ta ja har dare ya raba, kuma gaskiya Baffa na da hujja. Na karɓi amsarsa a gaban kowa na gyara tambayar ta koma: watanni nawa ne ke kaiwa kwana 29? Tarkon ya ɗan rage kaifi amma yanzu amsa ɗaya ce. In ka dage a kan taka alhali ta wani ma ta shiga, yara za su koyi cewa wasan na mai ƙarfin murya ne, daga nan ba za su ƙara wahalar da kansu wajen karantawa ba. Alamar tambaya mai kyau ita ce in an faɗi amsa wanda ya faɗi ya dafe kai yace kai, ai kuwa ga shi nan. In yace ai ba haka ka ce ba, koma ka duba rubutunka. Kuma ka gwada ta a kan mutum ɗaya a gefe kafin taro, ni matata nake fara ba.

Na bakwai shi ne tafiyar da zaman kansa. Tambaya 5 ko 6 sun isa a dare ɗaya. Kar duk su zama tarko, ka cakuɗa da biyu waɗanda amsarsu ta farko ita ce daidai, in ba haka ba yara za su daina karantawa su koma zargin kowace kalma, wannan ma wata cutar ce. Kowa ya rubuta amsarsa a takarda ya kife, ba ɗaga murya, a guruf kuma a ce kowa ya turo ta gefe, don amsar mutum na farko tana jan sauran kamar raƙumi da akala. Ka ba da lokaci isasshe, minti 2 ko 3, ba gasar sauri muke yi ba, saurin ne ma muke yaƙa. Wajen buɗe amsa a fara da mafi ƙanƙanta. Wannan daga hadisin dabinon nan na ɗauko shi, Abdullahi ɗan Umar ya gano amsar a ransa amma ya yi shiru don shi ne ƙarami a wurin ga manya zaune, da ya gaya wa mahaifinsa daga baya Sayyidina Umar ya nuna masa da ya faɗa da ya fi masa daɗi. A gidajenmu kunyar manya ta ma fi haka, in Baffa ya riga ya ce 8 ba yaron da zai ce 9.

Wanda ya kasa kuma a bi al'ada, ya ba da gari. Yara kan ce na ba ki Jidda, na ba ki Ɗa'ifa, Goggo ta girgiza kai tace ba ta so sai an ba ta Sakkwato, daga nan sai labarin yadda kakanninmu suka taho a ƙasa ta Chadi da Sudan, suna tsayawa noma da ƙwadago a hanya shekara da shekaru kafin su tsallako teku, wasu 'yan'uwan ma a can Mai Wurno suka zauna ba su ƙaraso ba. Ba na katse ta ko da tambayoyin sun rage.

Sannan kar a tashi daga tambaya sai wanda ya faɗi ya sa yatsa a kan kalmar da ya tsallake. Wannan shi ne aikin gaba ɗaya. Faɗin amsa kawai ba ya gyara komai, gobe in ka canja tumaki zuwa awaki zai sake faɗawa. Ka miƙa masa takardar kace nuna min inda ta kama ka, ya laluba har ya ce ga ta nan, "ban da". Bayan sati biyu ka dawo masa da tarko iri ɗaya cikin wata riga, ka ga ko ya gane shi.

In kuma kai aka jefo wa tambayar, ga abin da nake koya musu. Ka fara karanta layin ƙarshe ka san me ake nema takamaimai, suna ne ko lamba ko lokaci. Ka koma farko ka karanta kalma-kalma da yatsa, har da wadda kake ganin gaisuwa ce. Amsar da ta fara faɗo maka kar ka jefar da ita kar kuma ka faɗe ta, ka mayar da ita cikin tambayar ka ga ko ta zauna, kamar yadda muka mayar da riyal 1 muka ga tsakani ya zama 9. In akwai ƙirga ka zana ko ka yi da yatsu. Likita ya ba ka ƙwaya 3 yace ka sha ɗaya duk bayan rabin awa, awa nawa za su ɗauke ka? Zana: ta farko yanzu, ta biyu bayan minti 30, ta uku bayan minti 60. Awa ɗaya, ba ɗaya da rabi ba. Sannan ka tambayi kanka wane abu ne na ɗauka an faɗa alhali ba a faɗa ba, ni na ƙara shi daga kaina. Ɗan yayata "yamma" ya ƙara daga kansa.

Mataki na ƙarshe, bayan wata ɗaya ko biyu ka sauka daga kujerar mai tambaya ka ce kowane yaro ya zo da tasa sati mai zuwa, shi ya haɗa ta ba kwafowa daga intanet ba. Na farko-farkon za su zo a karkace, wata ba amsa wata amsa uku, ka zauna da su ku gyara tare da matakan nan na sama, ina turbar, ina mabuɗin, akwai amsa ta biyu ko babu. Wanda ya taɓa ɗana tarko da hannunsa ya fi saurin hango na wani. 'Yar ƙanwata mai shekara 9, wadda a nan aka haife ta ba ta taɓa taka Najeriya ba, ta kawo tata a rubuce a bayan takardar makaranta: kuka a bayan gidan Kaka, shekara 100 ba wanda ya lallasa, sai ma a zo a tsinki ganye. Yayyenta suka yi ta tunanin wane jariri ne wannan. Ita kuwa ba ta taɓa ganin itacen kuka a tsaye ba, garinta kawai ta sani a leda in alhazai sun kawo tsaraba, a bakin Goggo ta ji cewa akwai wata ƙatuwa a bayan gidansu na can. Goggo ta karɓi takardar ta sa aka karanta mata sau biyu, sannan tace a ba yarinyar nan Sakkwato.